Ruwan Bunu Mai Sanyi, Ba Suga



A ƙasar Hausa in aka ce shayi, zafi da zaƙi ne ke fara faɗo wa mutum a rai. Mai shayi zai ɗaga kofi sama ya yi ta sheƙa shi daga wannan zuwa wancan don ya ɗan huce, amma ba zai bari ya yi sanyi ba, domin a wurinmu shayin da ya yi sanyi shayi ne da aka manta da shi. Suga kuwa ba a tambayar ko za a sa, sai dai a tambayi cokali nawa. Wanda aljihunsa bai kai na madara ba zai ce a ba shi ruwan bunu, amma ko shi da sugansa. Haka abin yake wurin 'yan uwanmu masu ataya a Nijar, buta na kan gawayi, suga na narkewa a ciki. To ka ga wanda ya ce shi shayi mai sanyi yake so, kuma babu suga, dole a yi masa kallon mai lalura.

Mu dai lalurar ce ta shigo da shi gidanmu. Shekara biyu ke nan da likita ya tabbatar wa mahaifina ciwon suga. Baba tela ne, kuma tun tasowata na san shi da kofi uku na shayi a rana: na safe, na la'asar da na dare, kowanne da ƙaramin cokali uku na suga. Ƙaramin cokali ɗaya kusan giram 4 ne, wato giram 36 a rana daga shayi kaɗai, a shekara kuma kilo 13 har da ɗoriya. Ba a ma sa kwalbar lemon da yake sha da rana a shago ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce ya fi alheri babban mutum ya tsaya a kusan giram 25 a rana, wato cokali shida, na duk sugan da ake ƙara wa abinci da abin sha. Wannan ma ga mai lafiya ke nan.

Ba mu ɗauki maganar likita da wasa ba, saboda mun ga abin da ciwon nan ya yi wa yayan Baba. Sai da aka yanke masa ƙafa kafin Allah ya yi masa rasuwa. Baba ya ajiye suga a ranar da aka gaya masa, kuma shayin safe marar zaƙi ya daure ya saba da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakar rana a watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ga shago rufin kwano. Abokan sana'a na shan lemo da zoɓo da kunun aya masu raɓa a jikin gora, shi kuma sai ruwa. Bai taɓa ƙorafi ba, amma yaron shagonsa ya gaya wa Inna cewa da zarar an kawo abin sha sai ya tashi ya koma kan keke. Mutum mai kusan shekara sittin, a raba shi da abin da ya saba, a kuma raba shi da majalisarsa, abin ya yi yawa. Tsoronmu kada wata rana ƙishi da kara su sa ya karɓi kwalba ɗaya, gobe ya karɓi biyu.

Ina cikin neman abin sha mai sanyi da ɗanɗano wanda ba ya ɗauke da suga, sai na faɗa kan shayin ƙanƙara. Amurkawa ne suka fi shahara da shi. Tun a 1879 aka buga yadda ake yin sa a wani littafin girki na jihar Bajiniya, kuma ana danganta yaɗuwarsa da babban baje kolin duniya da aka yi a birnin Sant Luwis a 1904, inda zafi ya sa jama'a suka yi rububin shayin da aka zuba wa ƙanƙara. Sai dai a kudancin Amurka su ma zaƙi suke cika masa, sai mutum ya buɗe baki ya ce marar suga yake so. Japanawa ne suka saba da marar zaƙin. Koren shayi mai sanyi a gora, babu ko ƙwayar suga, abin sha ne na yau da kullum a wurinsu.

Wahalar yin sa ita ce, suga da madara rufin asiri ne ga shayi. Ganyen da ya daɗe a wuta, ruwa mai zartsi, buta mai tsatsa, duk cokali uku na suga na iya binne su. Da zarar an cire suga an kuma sanyaya shi, kowane aibu sai ya fito fili. Abubuwa uku ne ke ɓata shi: ɗaci da bauri, gurɓacewar launi, da wani ɗanɗano na kwana wanda ke sa mutum ya ajiye kofi bayan kurɓi ɗaya. Kowannensu da dalilinsa, kowanne kuma da maganinsa.

Difilomar da na yi a fannin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje ta koya mini wani abu mai amfani ko a madafa: in kana so ka san abin da ke kawo bambanci, canja abu ɗaya ka bar sauran yadda suke. Sai na tanadi kwalabe uku, ganye iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, awo ɗaya. Na farko na tafasa ganyen cikin tukunya minti 10 kamar yadda aka saba a gidaje. Na biyu na sauke ruwan daga wuta tukuna, na jefa ganyen minti 4 na tsame. Na uku kuwa bai ga wuta ba sam, ganye na zuba a ruwan sanyi na sa a firji ya kwana. Washegari da azahar na kai wa Baba a kofuna uku, ban gaya masa wanne ne wanne ba.

Ya kurɓi na farko ya yamutsa fuska. "Uwata, wannan ai jiƙon maɗaci ne." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka.

Na biyu ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan shayi ne, na san shi."

Na uku ya ɗan riƙe shi a baki kafin ya haɗiye. "Kin sa masa wani abu ne?"

Na ce, "Baba, ko ƙwayar suga babu. Ganye ne da ruwa."

Ya ce, "To ai har wani ɗan gardi gare shi."

Dalilin bambancin yana cikin ganyen. Shayi na ɗauke da kafeyin, sinadarin nan da ke cikin goro da gahawa mai hana barci, kuma yana da ɗaci. Yana kuma ɗauke da wasu sinadarai da ake kira tanin. Duk wanda ya taɓa tauna goro ko ɗanyen kanya ya san aikinsu, su ne ke kawo baurin da ke ɗaure harshe. Dangin su ne ke cikin 'ya'yan bagaruwa da majema ke jeme fata da su. Ruwan zafi na fitar da ƙamshi da launi cikin mintuna na farko, amma gwargwadon daɗewar ganye a ciki, gwargwadon yawan baurin da zai fito. Ruwan sanyi kuwa a hankali yake aiki, yana fitar da ɗanɗano ya bar mafi yawan baurin a cikin ganye. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, a nan ma ba sai ya hura wuta ba.

Ga yadda nake yin jiƙon sanyi. Lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar giram 10 na ganye, wato jakar shayi biyar, tunda kowace jaka kusan giram 2 ce. Ruwan ya zama wanda aka tafasa aka bari ya huce, domin babu zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta daga baya. A zuba a kwalba mai murfi, a sa a firji. Baƙin shayi yana buƙatar awa 8 zuwa 12, kore kuma awa 6 zuwa 8. In lokaci ya cika a tace, a zubar da ganyen, a mayar da ruwan cikin firji.

Sai dai wannan hanyar tana son firjin da ba ya mutuwa, mu kuwa mun san halin wutar lantarki a unguwanninmu. Daren da aka ɗauke wuta, ko ake kawowa ana ɗaukewa, jiƙon zafi nake yi da safe. A tafasa rabin lita, a sauke, a jefa jaka biyar, a rufe na minti 4. A tsame jakunkunan ba tare da an matse su ba, domin matsewa bauri take ƙarawa. Sannan a zuba sauran rabin litar na dafaffen ruwan da ya huce. In koren shayi ne, a bar ruwan ya sha iska kamar minti 5 bayan an sauke, ya sauko kusan digiri 80, kuma minti 2 ya ishe shi. Ganyen ataya, wannan mai dunƙule-dunƙule da ake kawowa daga ƙasar Sin, yana da ƙarfi ƙwarai. Masu ataya kan ɗauraye shi da ɗan ruwan zafi su zubar kafin su ɗora, kuma dabarar tana aiki a nan ma, sai a rage awo zuwa giram 6 ko 7.

Ganyen kansa yana da tasiri. Baƙi da kore duk daga tsiro ɗaya suke, bambancin shi ne baƙin an bar shi ya sha iska bayan an murza shi, koren kuma an tare shi da zafi tun yana ɗanye. A Najeriya ana noman shayi a tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda sanyi da ruwan sama suka dace da shi, a Afirka kuwa Kenya ce kan gaba. Ko daga ina ya fito, ganyen da aka buɗe aka bari kusa da daddawa da yaji zai kwashi warinsu, domin shayi na zuƙar wari da laima. Ni a gwangwani mai murfi nake ajiye shi, nesa da murhu.

Sai maganar gurɓacewa. Wani lokaci shayi zai fito garau, a sa shi a firji, a dawo a tarar ya yi hazo kamar ruwan kududdufi. Abin da ke faruwa shi ne, in shayi mai ƙarfi ya yi sanyi farat ɗaya, kafeyin da tanin sukan manne wa juna su zama ƙananan ƙwayoyi masu yawo cikin ruwa. Bai lalace ba, kuma ɗan ruwan zafi kaɗan na mayar da shi garau, amma ido shi ke fara ci kafin baki. Rigakafin shi ne a bar shi ya huce a waje kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ya shiga sanyi. Ruwa ma na da hannu a ciki. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai yawan kalsiyam, irin wanda ke barin farin dasashi a gindin buta kuma sabulu ba ya kumfa sosai da shi, yana ƙara hazon, ya kuma bar wani siririn maiƙo a saman kofi. Wanda ruwan gidansa yake haka, gara ya nemi wani don shayi. Tukunya ko cokali mai tsatsa su ma a kauce musu, domin in tanin ya haɗu da ƙarfe sai ya yi baƙi, ɗanɗanon ƙarfen kuma ya fito.

Na uku shi ne ɗanɗanon kwana, kuma shi ya fi ba mutane wahala. Iska, haske da ɗumi ne ke kashe ƙamshin shayi. Shi ya sa kwalba ta fi roba, domin robar da ta taɓa ɗaukar zoɓo ko lemo ba ta rabuwa da warinsu duk wankin da aka yi mata. A wanke kwalbar da ruwan zafi da sabulu, a ɗauraye sosai, a bar ta ta bushe. A cika ta har wuya don kada iska ta sami wurin zama, a rufe ƙam, tunda firjin gida ba ya rasa albasa ko sauran miya. Kwalabe ƙanana biyu sun fi babba guda ɗaya, saboda wadda ba a buɗe ba tana nan yadda take. Kada a kafa baki a sha a mayar, a tsiyaya a kofi. A firji mai aiki yana kai kwana biyu zuwa uku da daɗinsa. A waje kuwa kada ya wuce awa 8. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, ɗakunanmu kuma a bazara suna tsakiyar wannan. In shayi ya fara yauƙi, ko tsami, ko wani baƙon wari, a zubar, ba a ɗanɗana don a tabbatar.

Saboda wannan dalilin ne ban yarda da wata hanya da ake yi a Amurka ba, ta ajiye kwalbar ruwa da ganye a rana ta jiƙu. Rana muna da ita har da ta sayarwa, amma zafinta bai kai ya kashe ƙwayoyin cuta ba, ɗumi kawai take ba su su ji daɗin yaɗuwa.

To wanda ba shi da firji fa? Randa da tulu suna sanyaya ruwa ne ta hanyar tsatsafowar da iska ke busarwa a jikinsu. A kan wannan hikimar Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. In aka tsoma rufaffiyar kwalbar shayi a randa za ta yi sanyi mai daɗin sha, musamman in iska a bushe take. Sai dai sanyin randa bai kai na firji ba, don haka ƙa'idar awa 8 tana nan: a yi da safe, a shanye kafin la'asar.

Ƙanƙara ma da tata maganar. Wadda ake sayarwa a leda ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma in ta narke a ciki sai shayin ya yi salam. Ni a kula nake fasa ta, in binne kwalbar a tsakiya, ta sanyaya daga waje. Haka Baba ke tafiya da ita shago. In akwai wuta kuwa, ina daskarar da wani ɓangare na shayin kansa ya zama ƙanƙara, in ya narke shayi ne ya koma shayi.

Game da kayan ƙamshi, bakin da ya rabu da suga yana son abin da zai ɗebe masa kewa. Na'a-na'a ta fi kowa iya wannan aikin, ganye biyar ko shida a lita. Citta ɗanya yanka biyu, ko kanumfari ƙwaya biyu, ko ɗan guntun kirfa, su ma suna yi, kirfa ma har wani zaƙi-zaƙi take sa harshe ya ji alhali babu suga. Amma a tace su tare da ganyen shayi, kada su kwana a ciki, domin ɗanyen ganye shi ke fara lalacewa. Lemon tsami kuma sai an zo sha ake matsawa a kofi. Za ka ga launin ya washe nan take, aikin tsamin ne a kan sinadaran launi. In aka jefa shi da ɓawonsa a kwalba ya daɗe, ɗaci yake saki. Zuma da dabino kuwa, duk albarkarsu, suga ne a wurin jinin mai wannan ciwo, don haka ba sa shiga kwalbar Baba.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a sani. Shayi marar suga ba maganin ciwon suga ba ne, ya dai maye gurbin abin da ke cutarwa. Baba na shan maganinsa, yana zuwa awo, yana kiyaye abinci. Na biyu, tanin na rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganye, don haka mai ƙarancin jini da mai juna biyu su ba da tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, su kuma rage yawa. Na uku, sanyinsa na sa a sha da yawa ba a ankara ba, alhali kafeyin na nan a ciki. Baba ba ya wuce lita ɗaya a rana, kuma daga la'asar an rufe, don barci ya samu.

Ba zan ce harshensa ya karɓa a rana ɗaya ba. Sabo turken wawa ne, in ji Hausawa, kuma sabon shekara arba'in ba ya tsigewa a mako guda. Makonnin farko yana sha ne saboda ni. Wajen wata guda sai na ji ya fara ƙorafi irin na mai shan shayi: yau na'a-na'a ta yi yawa, jiya ya fi ƙamshi. Ranar da ya ce mini ruwan da na yi amfani da shi ba irin na kullum ba ne, kuma gaskiyarsa, na san harshen ya dawo aiki.

Yanzu kwalba biyu nake haɗawa a kular, domin maƙwabcinsa mai ɗinkin hula ya fara miƙo kofi. Wani abokin nasu ya ɗanɗana ya ce shi kam sai da suga, ya aika yaro ya sayo na leda ya zuba. Baba bai hana shi ba, bai kuma tashi ya koma kan keke ba. Ya zauna a kan bencinsu da nasa kofin, ana ta hirar tsadar zare.

Wanda ke da mai irin wannan lalura a gida, ya gwada da lita ɗaya da jaka biyar. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.